Zaune Take a Gida

Ina kwance a gadon asibiti, bakina ya riga ya mutu amma kunnena da sauran rai, na ji ma'aikaciyar jinya tana yi wa babban ɗana tambayoyi. Ta tambayi shekaruna, ya rage min wasu. Ban damu ba. Sai ta ce, "Me take yi? Sana'arta fa?"

Ya ce, "Ba ta aiki. Zaune take a gida."

Na so in ɗaga hannu in kai masa mari, hannun ya ƙi. Hannun nan da ya wanke kayan mutanen unguwa har fatarsa ta tsattsage, don shi ya sa takalmi ya tafi makaranta. Kafin in tara ƙarfin da zan ja ko tsaki, Mai rai ya karɓi abinsa.

Kada wani ya ce na ga hisabi. Ban gani ba, kuma ba wanda ya gani tukuna. Wannan na Ubangiji ne, ranarsa tana nan tafe. Inda aka kai mu wurin jira ne kawai. To tun da 'yan Adam aka tara wuri ɗaya aka ce su jira, sai suka yi abin da suka iya, suka buɗe ofis.

Wani dogon ɗaki ne mai fenti ruwan toka, fanka tana juyawa a sama amma ba iska. Tagogi a jere, kowace da ƙarfe, bayan kowace akwai mutum da biro. Duk matattu ne irinmu, waɗanda suka yi aikin ofis a duniya suka zo nan hannunsu ya ƙi sakin abin rubutu. Na bi layi har na kai gaban wani akawu mai tabarau, ƙafar tabarau ɗin ɗaya a ɗaure da zare.

Ya ce, "Mama, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Na ce, "Hanyar mutuwa kake tambaya? Kai ta ina ka biyo?"

Bai yi dariya ba. Ya nuna min ƙofa biyu da bakin biro. Ya ce ta dama ɗakin hutu ne, na waɗanda suka yi aiki a duniya. Ta hagu kuma ta waɗanda suka huta a can, su ɗan taɓa aiki a nan kafin ranar ta zo, don a yi adalci. Na ce madalla, ashe akwai masu hankali a wurin nan. Na juya zan nufi dama.

Ya ce, "Mama, ke hagu."

"Ni wa?"

"Maganar ƙarshe da 'yan gidan mutum suka faɗa a kansa, ita ke riga shi isowa. Taki ta iso tun kina hanya. Ba ta aiki, zaune take a gida."

Na dafa ƙarfen tagar. Na ce, "Ɗan nan, uwarka ba ta yi zaman gida ba? Ka taɓa ganin ta a zaune? Ni zaman aure na yi tun ƙirjina bai cika ba. Na yi zaman jinyar uwar mijina har ta cika. Na yi zaman jinyar shi mijin. Na yi zaman makokin 'ya'ya biyu. Zaman haƙurin da na yi kuwa, ko kai da ke rubutu ba ka da takardar da za ta ɗauke shi."

Yana ta gyaɗa kai yana rubutawa, na ɗauka magana ta shige shi. Da na gama ya ɗago ya ce, "To kin gani, Mama. Ke da bakinki. Zama, zama, zama, zama. Ai ma kin ƙara wa maganar ƙarfi. Na gaba!"

Haka aka tura ni hagu.

Aikin da aka ba ni, ɗaukar benci. Sababbin zuwa ba sa yankewa, to sai a kwaso benci daga sito a jera musu, in sun tashi a mayar, in wasu sun zo a sake kwasowa. Ka ɗauki abin zama a ka daga wannan bango zuwa wancan, amma doka ta hana ka ɗora ɗuwawunka a kai, don wai ka gama naka zaman a duniya. A cikinmu akwai 'ya'yan masu kuɗi biyu ko uku da ba su taɓa ɗaga ko buta ba, suna ɗaukar benci suna kuka, waɗannan ban ji tausayinsu ba. Amma sauran duk mata ne irina. Ka dubi hannunsu ka san abin da suka yi. Ba mai ƙorafi. Sun saba a ce su ɗauka su ɗauka.

Ni da na ɗauka gajiya a jiki take, in an binne jiki an binne ta. Ashe tana biyo mutum. Bayana da gwiwoyina suna can cikin ƙasa, amma ciwonsu yana nan tare da ni. Abu ɗaya na sa rai da shi duk tsawon rayuwata, ban taɓa faɗa wa kowa ba: in na mutu zan huta. Shi ne yaron da na goya ya ƙwace min da kalma ɗaya, ko kallona bai yi ba da zai faɗe ta.

Wata tsohuwa da muke kama benci tare ta raɗa min cewa akwai ofishin ƙorafi a sama, amma ba wanda ya taɓa hawa ya sauko da abin kirki. Na ce ai ba su aika ni ba tukuna. Ban ajiye bencin da ke kaina ba, da shi na hau matakala.

A bakin ofishin na tarar da sakatare tana gyara farce. Ta ce, "Oga ba ya nan, ya fita."

Na ce, "Ya fita ina? Akwai wata lahirar ce gaba da wannan?"

Ta harare ni. "Suna zama. Kwamiti ne."

"Suna me?"

"Zama, Mama. Aiki suke."

Na ce, "Au, nasu zaman aiki ne, nawa ne hutu?"

Ta ce in dawo wani lokaci. Na ce ba inda za ni. Na tsaya a tsakiyar ƙofar da benci a ka, kai ɗaya ya tokare wannan bango ɗayan ya tokare wancan, mai shiga ba hanya, mai fita ba hanya. Ta yi magiya, ta yi barazana. Na ce ta kira duk wanda za ta kira, kashe ni za a yi?

Da kwamitin ya gaji da zamansa suka buɗe ƙofa za su fito, suka ci karo da katako. Ogan wani farin tsoho ne mai sanyin murya, irin waɗanda ke kashe ka da ladabi. Ya ce a sauke min bencin, ya shigar da ni, ya saurare ni har na kai aya. Ya ce wallahi ya tausaya, shi ma mahaifiyarsa haka ta yi fama.

Sai ya rage murya. "Mama, ga shawara. Akwai wata kujera a bayan ofishin nan, ba mai amfani da ita. Duk lokacin da kika ga ba kowa, ki zo ki ɗan zauna. Tsakanina da ke."

Na ce, "Satar zama zan yi?"

"A'a, alfarma ce."

"Ban hau matakalar nan da katako a ka don alfarma ba. Ƙarya aka yi min, ita nake so a cire. In na ɓuya na zauna a bayan ofishinka, maganar tana nan yadda take, duk wanda ya duba zai ga matar da ta yi kwance-kwance har ta mutu. Ta ƙofar dama zan shiga, da rana tsaka, kowa yana gani."

Ya ja numfashi. Ya ce doka ɗaya ce: maganar 'yan gida sai 'yan gida ke warware ta. Mafi sauƙi shi ne in jira shi yaron da ya faɗa ya iso, ya janye da bakinsa.

Na ce, "Kada ka ƙara faɗa. Allah ya ja da ran ɗana, ya ga jikokin jikokinsa. Bakinsa ya cuce ni, amma ko zan ɗauki benci har a busa ƙaho, ba zan tsaya ina leƙen hanya ina jiran mutuwarsa ba."

Ogan ya ce, to, in akwai wani ɗan gidan da ya riga ni zuwa, wanda ya gani da idonsa, shaidarsa za ta yi.

Na ce akwai mijina.

Aka aika ɗakin hutu aka zo da shi. Malam a duniya aikinsa rubuta lambar motoci ne a ƙofar wani sito, a kan kujera, ƙarƙashin rumfa, shekara da shekaru har kujerar ta ɗauki siffarsa. Amma sunansa ma'aikaci, don haka dama aka kai shi. Ya shigo ya yi fes, har wuya ya ajiye.

Ya ce, "A'a! Ke ce? Yaushe kika zo? Ya yaran?"

Na ce, "Suna lafiya, Malam. Ka amsa abin da za a tambaye ka."

Oga ya ce, "Malam, matarka ce wannan?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Mace ta gari. Ban taɓa kai ƙararta ko'ina ba."

"Me take yi a duniya?"

Malam ya sosa ƙeya. "To, tana gida dai."

"Me ka ga tana yi a gidan?"

"Ranka ya daɗe, ni da sassafe nake fita, sai yamma nake dawowa. In zan fita tana gida, in na dawo tana gida."

"Abinci fa?"

"Ina tarar da shi."

"Tufafinka?"

"A wanke nake ganinsu, a goge."

"Wa ke wankewa?"

"Ita ce mana. Ina jin dai ita ce."

Oga ya ce "ina ji" ba shaida ba ce, abin da ido ya gani ake nema. Malam ya yi ta tunani, yana so ya taimake ni, na ga haka a fuskarsa. Sai ya washe baki. "Yauwa, na tuna! In ina cin abinci takan zauna kusa da ni."

Sakatare ta rubuta.

Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na fasa. Ba ƙarya ya yi ba. Mutumin nan mun kwana ɗaki ɗaya har gashinmu ya yi fari, bai zage ni ba, bai doke ni ba, kuma bai gan ni ba. Durƙuson da nake yi ina zuba masa ruwa a hannu, ina jiran ya gama in kwashe kwano, shi ne zaman da ya tuna. Da zagi ne da na rama. Wannan kuwa ban san inda zan kama shi ba.

Ya ga yadda na yi, ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Inna tana ɗakin hutu fa."

Inna uwarsa ce. Da a ce ni zan zaɓa, da na zaɓi bencin. Matar nan tun ranar da na shiga gidan ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. In na yi shara na tayar mata da ƙura, in ban yi ba ƙazama ce. Ba ta kiran sunana, Guguwa take ce min. Da ɓarin jikinta ya shanye, ni na yi ta juya ta, ina wanke ta, ina ba ta abinci a baki, tana tauna tana kushe gishirin. Kuma ni ce ranar da ta cika na ce wa masu gaisuwa baiwar Allahn nan ta yi bauta a rayuwarta, don gaskiya ce, ta yi kafin ta kwanta. Ashe da bakina na buɗe mata ƙofar dama.

Na ce wa oga, "Ku kira ta. Abin da za ta faɗa ba zai fi wanda aka riga aka faɗa muni ba."

Ɗan aike ya dawo ya ce ta ce ba ta tafiya da ƙafa. Oga ya ce ai nan ba mai shanyewar jiki, kowa ƙafarsa lafiya. Ɗan aike ya ce ya faɗa mata, ta ce ta sani, ta saba ne. Sai da aka ɗauko ta da kujerarta.

Tana ganina ta ce, "Guguwa! Ke ma kin zo? Shi ya sa na ji wurin ya fara hayaniya."

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna."

"Da ban wuni ba kya gan ni? Dubi ɗaurin ɗankwalinki, har a nan ba ki koya ba."

Oga ya yi gyaran murya. "Iya, tambaya ɗaya ce. An ce matar ɗanki ba ta aiki, zaune take a gida. Haka ne?"

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. "Zaune? Wannan? Wane makahon ne ya faɗa?"

"Jikanki ne, babban."

"Ai ya gado ubansa, ido biyu kamar na ado." Malam ya ƙara sunkuyar da kai. Ta gyara zama ta nuna ni da yatsa. "Yaro, tun da ka tambaya, ni ma ƙara na kawo, ka rubuta. Shekarun da na yi a kwance, ƙofar ɗakina a buɗe take tana kallon tsakar gida, ba ni da abin kallo sai ita. Ta wuce da bokiti. Ta dawo da tsintsiya. Ta wuce da ƙullin wankin mutane ya fi ta girma. Ta dawo da yaro a baya wani a hannu. Har jiri take sa ni. Abinci ma a tsaye take ci, kamar wadda ta sato. Da tsohon ciki tana durƙushe a kan baho, na ce za ki haihu a cikin kumfa, saura kaɗan kuwa a yi haka. Mace ba natsuwa, ba ta san a zauna a yi hira kamar mutane ba."

Sakatare ta daina gyara farce, biro yana gudu.

Inna ta ci gaba, amma muryar ta sauka. "Ranar da aka binne ɗaya daga cikin 'ya'yanta, mutane suna watsewa ta hura gawayi ta ɗauko dutsen guga, wai masu kaya za su zo karɓa. Na ce wannan ba ta da zuciya. Ina kwance ina jin ta. Hawayen yana ɗiga a kan dutsen yana ƙara, tana gogewa, yana ɗiga tana gogewa. Na kira ta. Na ce Guguwa, zo ki zauna nan kusa da ni. Ta ce Inna bari in gama. Ba ta gama ba har na mutu." Ta juyo gare ni. "Kullum sai na kira ki. Kin ɗauka ruwa nake so ko juyi. Ki kawo ruwan ki ajiye ki fice. Ni mutum nake so ya zauna, ɗakin ya yi min faɗi."

Ban san tana jina a ranar ba. Ban kuma san abin da kiran yake nufi ba. Na tsaya ina kallon tsohuwar nan da na yi shekaru ina wanke wa jiki.

Oga ya cire hularsa ya mayar. Ya ce shaida ta yi. Ya tambayi sakatare me za a sa a madadin tsohuwar maganar, ta ce ba su da kalmar da aka tanada don irin wannan, sai dai kwamiti ya zauna.

Na ce, "Kada wanda ya sake zama a kaina. Ku sa tsaye take."

Ya ce a sa. Na ce ban iya karatu ba, don haka ban yarda da abin da ban ji ba, a faɗa da baki, a ƙasa, gaban jama'a. Muka sauko gaba ɗaya. Akawu mai tabarau ya miƙe a bayan tagarsa, ya karanta da ƙarfi cewa an gyara, matar nan tsaye take a gida. Matan da ke ɗauke da benci suka tsaya cak suna saurare. Tsohuwar da muke kamawa tare ta ce min, "Ta wace matakalar kika hau?" Na nuna mata.

Ɗakin hutu ba wani abin mamaki ba ne. Kujeru ne masu hannu, da tagogi a buɗe, da iska. Aka ajiye tawa kusa da ta Inna, Malam yana ɗaya gefen. Na daɗe a tsaye a gabanta. Sannan na juya, na dafa hannuwanta, na sauka a hankali. Bayana ya taɓa jingina. Wani abu da ya daɗe a ɗaure tun daga wuyana har ƙugu ya fara saki, na ji shi yana sauka kamar ruwa. Na ɗora hannuwana a cinya, suka yi ta motsi su kaɗai suna neman abin kamawa.

Ko numfashi uku ban ja ba Inna ta ce, "Guguwa, matashin nan ya zame. Tashi ki gyara min."

Wallahi har na ɗaga. Jikina ya riga ni amsawa. Sai na tsaya a haka, rabi a sama, na koma na zauna.

Na ce, "Inna, ga ɗanki nan."

Malam ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya dubi uwarsa. Ya tashi, ya kama matashin da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ya cusa shi ta inda bai kamata ba. Inna ta ce zai karya mata wuya. Ya ciro ya juya shi ya sake cusawa, ya fi na farko lalacewa. Ina gani, na san daidai inda za a sa shi, ɗan ƙasa kaɗan ta hagu. Na damƙe hannun kujerata da ƙarfi na ƙi tashi.

Inna ta ture hannunsa. "Bar shi haka, kai dai ba ka iya komai ba." Ta jingina a karkace, ta juyo da fuskarta gare ni. "To, ke. 'Yar autarki da na bari tana rarrafe, wa ta aura?"

Na ce, "Wani direba ne, Inna. Bari ki ji yadda aka yi."